Kafin ka mayar da Hilux ɗinka mai jan ƙafa huɗu, ƙirga notin tayarta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2010, mai shan fetur, giyar hannu, da ƙafafun baya kawai take ja. Gonata tana bayan Kujama, kuma duk watan Agusta sai motar ta kafe mini a hanya, wani lokaci da taki, wani lokaci da ma'aikata. Wani ya ce zai iya sa mata agzilari ta riƙa ja da ƙafa huɗu, ya kuma ɗaga ta inci 6. Zai yiwu? Kuna ganin in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa a girbe lafiya. Na san irin hanyar da kake magana a kai, jar ƙasar nan da idan ta sha ruwan Agusta sai ta koma kamar an shafa mata sabulu, ga kwazazzabai da ruwa ya yanka ta tsakiya. Na haura shekara 20 ina kwanciya a ƙarƙashin motoci a nan Kaduna, yawancinsu Toyota, saboda haka zan gaya maka abin da zan gaya wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Zai yiwu, amma ba ga kowace Hilux ba. Kafin ka sake zama da wanda ya yi maka wannan alkawari, fita ka tsuguna a gaban motar ka ƙirga notin da ke riƙe da taya. Biyar ne ko shida? Sannan ka zagaya baya ka leƙa sifirin: a kan aksul yake kwance, ko a ƙarƙashinsa yake rataye?

Abin da ya sa na fara da nan shi ne, Hilux ɗin da aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, wadda mutanen Tailan ke kira Vigo, fuskarta ɗaya amma ƙasanta iri uku ne. Akwai gajeriya mai jan baya, notinta 5, sifirinta a ƙarƙashin aksul. Akwai mai jan ƙafa huɗu, notinta 6, sifiri a saman aksul. Sai ta tsakiya wadda ake rubuta wa Prerunner, tsayinta da ƙafafunta irin na mai ƙafa huɗu ne, noti 6, amma da baya kawai take ja. Haka ma Tacoma da ake shigowa da ita daga Amurka, akwai mai noti 5, akwai mai 6.

Idan taka mai noti 5 ce, Alhaji, ina roƙonka ka ajiye maganar nan. Ba a ƙera gaban shasinta don ɗaukar aksul ba. Babu kunnuwan da za a ɗaure tulun aksul na gaba (kumburin nan mai haƙora a ciki da ke raba juyi ga tayoyi biyu) a jikinsu, babu hanyar da shaf zai bi ya kai ga taya, hannayen ƙafa da mazauninsu duk daban suke. Wanda ya nace sai ya yi, hanya biyu ce gare shi. Ko dai ya canza shasi gaba ɗaya ya ɗora bodinka a kai, ka ga ke nan lambar shasin da ke takardunka ta daina dacewa da motar da kake tuƙawa, kuma ka san abin da hakan zai jawo maka a wurin jami'an hanya da kuma ranar da ka tashi sayarwa. Ko kuma ya sa wuta ya yanke gaban shasin, ya yi waldar sababbin kunnuwa, ya rataya aksul mai ƙarfe guda irin na tsohuwar Hilux ta kafin 1997 ko na Land Cruiser. Idan aka bi ta nan, sitiyari ma sai ya canza, domin naka mai rak ne, shi kuwa wancan aksul da akwatin sitiyari yake aiki. Kuma dole tulun ya faɗo a gefen da agzilari ke fitar da farfelar gaba.

Muna da masu walda a Panteka waɗanda hannunsu ya faɗa, suna ƙera abin da idan ka gani sai ka rantse daga waje aka kawo shi. Matsalar ba ta kyawun walda ba ce, ta awo ce. Kusurwar da aksul na gaba ke zama a kai, idan ta goce ko da digiri 2 ko 3, a cikin gareji ba za ka ga komai ba. Sai ranar da ka hau hanyar Kaciya, allura ta kai 80, taya ta daki rami, sitiyari ya fara karkarwa a hannunka ya ƙi tsayawa, ga mutane a baya. Ba zan iya ba ka shawarar ka ɗora ma'aikata a kan irin wannan mota ba.

Idan kuwa ka ƙirga ka samu noti 6, to ƙofa a buɗe take, domin yawancin aikin kwancewa da ɗaurawa ne. Sai dai mutane da yawa suna ɗauka agzilari ɗan akwati ne da za a saya a manna a bayan giya, shi ke nan. Giyabos ɗin mai jan baya wutsiyarsa doguwa ce, farfela ke haɗuwa da ita kai tsaye. Na mai ƙafa huɗu kuwa sandarsa ta fita daban ce, kuma yana da fuskar da akwatin agzilari ke zama a kai. Ke nan giyabos ɗinka fita zai yi ɗungurungum, a kawo wani tare da agzilarinsa, wanda bakinsa ya dace da injinka 2TR. Kada a kawo maka na injin gas a ce za a yi dabara. Daga nan sai ƙarfen da ke tallafe giya ta ƙasa ya canza, farfelar baya ta canza domin taka ta yi tsawo, a kawo farfelar gaba, a huda ƙasan bodi don libar agzilari ta fito. A gaba kuma sai tulun aksul da mazauninsa, shaf biyu na hagu da dama, da kan ƙafa gaba ɗaya, saboda hob ɗin motarka ba shi da haƙoran ciki da shaf zai kama. A duba salansa da kaskon bakin mai ko za su ba tulun wuri.

Sai aikin mai wayarin, wanda shi ake mantawa da shi wajen lissafi. Tulun gaba na wasu motocin wannan ƙira yana ɗauke da ɗan injin lantarki a jikinsa, Toyota na kiran tsarin ADD. Shi ne ke haɗa shaf ɗin gaba idan ka ja liba. Idan ba a haɗa wayoyinsa da ɗan akwatin da ke ba shi umarni ba, za ka ja liba, farfelar gaba ta juya, amma tayoyin gaba ba za su ja komai ba. Haka na'urar da ke aika gudu zuwa mita, haka wayoyin ABS idan motarka tana da shi. Sa'arka ɗaya, ƙirar 2010 da liba ake sa agzilari. Waɗanda suka fito daga 2015, yawancinsu maɓalli ake murɗawa, kuma komai sai ya bi ta ƙwaƙwalwar mota.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin nan ne kuɗin mutane suka fi ƙonewa. A cikin kowane tulun aksul akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin haƙori da ke juya shi. Idan ka raba yawan haƙoran babban da na ƙaramin, shi ne lissafin aksul: 41 da 10 ya ba ka 4.10, 43 da 10 ya ba ka 4.30, 43 da 11 ya ba ka 3.91, 41 da 9 ya ba ka 4.56. Daga waje duk kamarsu ɗaya. Agzilarin Hilux kuma idan ya shiga, ɗaure farfelar gaba da ta baya yake yi su juya tare, babu sassauci. Saboda haka dole lissafin gaba da na baya su zama ɗaya, babu kusan.

An taɓa kawo mini wata da aka yi wa irin wannan aiki a wani wuri. Mai ita ya ce da zarar ya sa agzilari sai motar ta riƙa tsalle-tsalle kamar akuyar da aka ɗaure, kuma libar ta ƙi fita sai ya yi ribas mai nisa. Na kwance notin da ake zubar da man agzilari, na tara a farin kwano, na kai rana. Man yana ƙyalli da garin ƙarfe, na sa yatsa na murza na ji shi kamar yashi. Da muka buɗe, sarƙar da ke ciki ta saki har tana dukan bango. Muka ƙirga haƙora: gaba 41 da 10, baya 43 da 10. Bambancin kusan kashi 5 cikin 100 ne, wato duk mita 100 da motar ta yi, ƙafafun gaba suna neman su wuce na baya da mita 5. A cikin taɓo taya na sulɓewa ta huce, amma da an fito ƙasa mai ƙarfi sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne bawan Allahn nan kuɗin waken suyarsa ya zuba a aikin.

Za ka iya gane lissafin aksul ɗinka da kanka ba tare da an buɗe komai ba. Sa mota a fili, ka tokare tayoyin gaba da dutse, giya a firi, ka saki birkin hannu, ka ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. Yi alama da alli a jikin tayar, ka yi wata a jikin farfela. Wani ya juya tayar sau 20, kai kuma kana ƙirga juyin farfela. Idan ka samu 41, lissafinka 4.10 ne. Idan 43 ne, 4.30. Idan 39 da ɗan ɗoriya, 3.91. Rubuta shi a takarda ka sa a aljihu, kuma kada ka biya kuɗin tulun gaba sai an tabbatar maka da nasa a kan idonka.

Wannan ya sa ba na karɓar irin wannan aiki da kayan tsince-tsince, giyabos daga Ori-Apata, tulu daga Ƙofar Ruwa a Kano, shaf daga Ladipo a Legas. Kowanne yana iya zama mai kyau a karan kansa, amma ba lallai su zauna lafiya da juna ba. Sharaɗina shi ne a samo mota guda mai ƙafa huɗu, ƙira ɗaya da inji ɗaya, wadda ta kife ko aka daka ta baya amma ƙasanta lafiya, a kwashe komai daga jikinta har aksul na baya da noti da wayoyi. Idan kayan daga motar Tailan ko Japan suka fito, ka tuna su sitiyarinsu a dama yake, rak ɗinsu ba zai yi maka amfani ba.

Sannan ka yi lissafi a takarda, domin farashi yana bin dala. Rubuta kuɗin kayan nan da ladan aiki da makonnin da motar za ta yi a kan jak. Rubuta abin da za a sayi motarka yadda take yau. Rubuta kuɗin Hilux mai ƙafa huɗu ta asali mai shekaru irin na taka. A duk lokutan da na yi wa mutane wannan lissafi, cikon da za a yi a sayi ta asali yakan zo kusa da kuɗin aikin, wani lokaci ma ƙasa da shi. Kuma ranar sayarwa, ta asali tana riƙe darajarta, wadda aka juya kuwa dillali zai leƙa ƙasa sau ɗaya ya rage mata kuɗi.

Ba sabon abu ba ne a duniya, kada ka ji kamar ka yi tunanin banza. Mu da muka tashi a garin nan mun san a-kori-kura 504 da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar nan da ita. Da baya take ja. A Faransa akwai kamfanin Dangel da ya riƙa karɓar 504 a farkon shekarun 1980 yana mayar da ita mai ƙafa huɗu, har da ɗagawa. Amma kamfani ne guda da injiniyoyi da zane da gwaji, suna ƙera kayan da suka dace da wannan mota takamaimai.

Batun inci 6 kuma, a nan ban yarda ba ko kaɗan, ko motarka mai noti nawa ce. Ɗagawa ba ta ƙara wa taya kamun ƙasa. Kuma abin da ya fi kusa da ƙasa a motarka shi ne tulun aksul na baya, shi kuwa a kan taya yake zaune, ba a kan sifiri ba. Ko ka ɗaga bodi har ya taɓa rufin gareji, tulun yana nan inda yake, shi zai fara zama a kan tudun da tayoyin tarakta suka bari a tsakiyar hanya. Taya mai tsayi kaɗai ke ɗaga shi, kuma da rabin abin da ta ƙaru. Taya 265/65R17 tsayinta kusan inci 30 da rabi ne. Idan ka koma 265/70R17 ka samu inci 31 da rabi, tulun ya tashi da kusan rabin inci. Idan ka je 285/70R17, kusan inci 33, ya tashi da inci guda, amma tayar ta fi ta farko girma da kashi 7 cikin 100. Mita tana nuna 100 kana kan 107, ƙarfin ja ya ragu da kwatankwacin haka, birki ya ƙara nisa, inji 2.7 ya fara nishi a hawa da kaya, mai kuma ya ƙara tafiya.

A gaba, ƙafar wannan mota mai hannaye ce, kowace taya da nata. Duk incin da ka ɗaga, shaf yana ƙara karkata, robarsa tana gogar kanta har ta yage, giris ya fita, taɓo ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na sama yana kai maƙurarsa, saitin ƙafa ya ƙi zama, taya ta ci gefe ɗaya. Inci 2 mota tana ɗauka lafiya idan da shokazoba da sifiri masu kyau aka yi. Daga inci 3 sai an canza hannayen sama. Inci 6 kuwa sai an sauke tulun gaba da mazaunin hannaye gaba ɗaya da wasu ƙarafa na musamman, a ƙara tsawon tiyon birki, a gyara kusurwar farfela. Wanda ya ce zai yi maka shi da guntayen ƙarfe da ya yanka ya jera a ƙarƙashin sifiri, ka gode masa ka tafi. Ga kuma nauyi da ya koma sama. Ka ɗora buhun masara 8 a motar da aka ɗaga inci 6, ka karkata a gefen kwazazzabo ko ka kauce wa ɗan acaɓa da gudu, kifewa ta zo kusa ƙwarai.

Idan motarka tana da ɗan bawul ɗin nan a baya mai sanda da ke haɗe da aksul, wanda ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki, ko inci 2 aka ɗaga sai an sake saita shi. In ba haka ba zai ɗauka motar babu kaya, ya rage wa baya birki alhali tana cike.

Da motata ce, ga abin da zan fara yi kafin damina mai zuwa. Ka tuna ranar da ka kafe ta ƙarshe: na tabbata taya ɗaya ce ta baya take ta juyawa tana watsa taɓo, ɗayar tana tsaye. Haka aksul yake, yana tura juyi inda ya fi sauƙi. Ko mai ƙafa huɗu, idan ba ta da makullin aksul da ke tilasta wa tayoyi biyu su juya tare, takan tsaya da taya ɗaya a gaba ɗaya a baya suna juyawa a banza. Saboda haka zan fara da tayoyi masu manyan haƙora, irin na taɓo masu rubutun MT, ko na kwalta da daji masu rubutun AT idan zirga-zirgarka a kwalta ta fi yawa, in duba lambobi 4 na gefen taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Zan sa nauyi a kan aksul na baya, domin a-kori-kura babu kaya bayanta ba shi da kamu. Buhun yashi 4 ko 5 sun isa. A bakin taɓo zan rage iskar taya zuwa wajen 20 a ma'auni idan kayan ba su yi yawa ba, in mayar da ita da ɗan famfon da ke aiki da batir kafin in hau kwalta. Zan shiga da giya ta biyu, ƙafa a hankali, kuma idan taya ɗaya ta fara sulɓewa zan ɗan ja birkin hannu kaɗan, yakan tura ƙarfi ga ɗayar.

Idan hakan bai wadatar ba, sai makullin aksul na baya, irin na ARB mai aiki da iska ko na Eaton mai lantarki. Ka danna shi a bakin taɓo, tayoyin baya biyu su juya tare, ka sake shi da ka fita. Aksul ɗaya kawai za a buɗe, shasi ba a taɓa shi ba. Amma kada ka yarda a yi wa haƙoran cikin tulun walda a ce an kulle maka, domin a kwalta motar za ta riƙa turjewa a kwana, ta ci taya, ta karya shaf.

Abu ɗaya ne waɗannan ba za su ba ka ba, shi ne ƙaramar giyar agzilari, 4L, wadda ke ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi. Idan hanyarka tana da rafi da za ka sauka ka hau gaɓa da taki buhu 15 a baya, har kana jin ƙaurin kuloci, to lallai ƙafa huɗu kake buƙata. A nan shawarata ka sayar da wannan bayan kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, ka cika ka sayi ta asali. Ranar dubawa ka tafi da makanikenka, ku kai ta ƙasa mai yashi, ba kwalta ba, ku sa 4H, wato babbar giyar agzilari, ku ga fitila ta kama, ku tsaya cak ku sa 4L, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama ana saurarar ƙarar shaf, sannan ya shiga ƙasa ya tabbatar farfelar gaba tana nan a ɗaure, domin akwai waɗanda ake cire musu ita a sayar da su a haka.

Ka ƙirga notin, ka yi gwajin allin nan, ka gaya mini abin da ka samu da kuma ko akwai rafi a hanyar. Daga nan sai mu san wacce za a kama.